Masaƙun Kakuri: Namu Ne Ko Na Masu Jari?

Tsohon Masaƙi, Makera:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina riƙe da wata magana a cikina, yau kuma na ga gara in faɗe ta tun ina da sauran ƙarfi, domin sa'o'ina da muka yi aiki tare a masaƙun Kakuri da ke nan Kaduna kullum raguwa suke yi, kuma duk wanda ya rasu da labarinsa yake tafiya. Abin da ke ci mini rai shi ne yaran yanzu, har da waɗanda muka haifa, ba su yarda cewa an taɓa yin zamani a garin nan da mutum zai baro ƙauyensu da takardar firamare, ko ma babu ita, a ɗauke shi aiki a masaƙa, albashinsa ya ciyar da gida, ya biya haya, ya sa yara makaranta, har ya aika wa iyaye kuɗin taki da damina.

Ni a sashen saƙa na yi aiki, tun daga ƙarshen shekarun 1970 har ranar da aka rufe mana ƙofa. Kashi uku ake raba mu, na safe da na rana da na dare, injuna ba sa hutawa sai ranar gyara. Idan jiniya ta busa lokacin canjin aiki, titi yakan cika da kekuna da masu tafiya a ƙasa har mota ta rasa hanya, kuma mai sayar da tuwo a bakin ƙofa tana bambance ɗan sashen kaɗi da ɗan sashen rini ba tare da ta tambaya ba, domin na farko gashin auduga ne fari fat a kansa da girarsa, na biyu kuwa faratansa ba sa rabuwa da shuɗi. A cikin zauren saƙa ba a jin maganar mutum saboda ƙarar ƙoshiya, da hannu da ido muke magana, kuma zare guda idan ya tsinke sai ka ɗaure shi da yatsu biyu kafin foman ya iso kanka.

Maganata ita ce, ba a taɓa yin aikin da ya ɗaga talakan Arewa kamar aikin masaƙa ba, kuma masu shigo da atamfa ta ɓarauniyar hanya su ne suka kashe mana masaƙunmu. Ni kaina har yau ban karɓi cikon kuɗin sallamata ba. Ina roƙon duk wanda ke da tsohon katin aiki ko hoto ya kawo a tattara, ko jikokinmu sa san cewa ba ƙarya muke yi ba.

Tsohon Akawu, Barnawa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka da alheri, ya kuma fitar maka da haƙƙinka. Duk abin da ka faɗa game da jiniya da kekuna na gan shi da idona. Sai dai akwai kalma guda a rubutunka da ba zan iya wuce ta ba, wato inda ka ce masaƙunmu. Ni a ofishin lissafi na yi aiki, kuma ina ganin wannan kalma ita ce ta yaudare mu tun farko.

Masaƙar farko a Kakuri, wato Kaduna Textiles, ta fara aiki a 1957, kuma haɗin gwiwa ce tsakanin gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila, su ne suka kawo injuna da manajoji. Arewa Textiles, duk da sunan da take ɗauke da shi, Japanawa ne ƙashin bayanta. United Nigerian Textiles kuwa, wato UNTL, wadda ta fi kowace girma, an kafa ta a 1964, kuma ta gidan Cha ce na Hong Kong, waɗanda a lokacin suke da hannu har a masaƙar Gusau da ta Funtuwa. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun sa an sayar da hannun jari, gaskiya ne, amma masu kuɗi da hukumomi ne suka saya, ban taɓa ganin sunan masaƙi a jerin masu yanke shawara ba. Odar kayan gyaran inji da sinadaran rini duk waje muke aikawa, ko ƙaramin haƙorin ƙarfe ya karye sai an jira jirgin ruwa.

Saboda haka mu 'yan haya ne da suka daɗe a gida har suka shuka bishiya a tsakar gidan, suka manta cewa takardar gida tana hannun wani. Ranar da mai gida ya ga riba ta ragu ya kulle ƙofarsa, sai muka tashi muna kukan an ƙwace mana namu. Da tun lokacin mun gane ba namu ba ne, da mun nemi a koya mana ƙera injin, ba juya shi kaɗai ba.

Ɗan Ƙungiya, Tudun Wada:

Alhaji Akawu, da girmamawa nake faɗa, wannan magana ta 'yan haya ta yi mini zafi ƙwarai. Wanda ya tsaya kan ƙafafunsa dare guda cur yana shaƙar ƙurar auduga har ta zauna masa a ƙirji, shi ne za a ce baƙo ne a wurin? Takardar jari aba ce guda, gumi kuma wani abu ne daban, kuma mu a ƙungiya da gumi muke auna mallaka.

Ina tuna maka cewa hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da ɗinki ta ƙasa baki ɗaya a nan Kaduna take, tun da aka haɗe ƙananan ƙungiyoyi a 1978. Adams Oshiomhole a Arewa Textiles ya fara aiki, ya zama babban sakataren ƙungiyar a 1982, daga nan ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a 1999. Wannan ya nuna maka irin nauyin da ma'aikacin Kakuri ke da shi a lokacin. A farkon shekarun 1980, zamanin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Shagari, da auduga da kayan gyara suka yi wuya aka riƙa tura mutane hutun dole, mu ne muka zauna da manajoji muka yi ciniki a kan wa zai tafi, wa zai zauna, da nawa za a biya wanda ya tafi. Ɗan haya ba ya zama a teburi ɗaya da mai gida yana ƙayyade masa yadda zai tafiyar da gidansa. Asibitin kamfani, da abincin kantin ma'aikata, da kuɗin aikin dare, babu wanda ya ba mu su kyauta, da zama da yajin aiki muka same su. Abin da ka yi yaƙi ka samu naka ne.

Ɗan Kwari, Kano:

Salamu alaikum dattawa. Na ga Baba mai rubutun farko ya ɗora laifin duka a kan masu shigo da kaya, kuma na san idan aka faɗi haka a Kaduna mu 'yan Kantin Kwari ake nufi, ko da ba a kama suna ba. Ni na gaji sayar da atamfa daga mahaifina, kuma ina shaida cewa shekara da shekaru kayan Kaduna muke sayarwa, muna alfahari da su. A lokacin atamfar Najeriya ce ke tsallaka iyaka zuwa Nijar da Chadi da Kamaru, mu ne muke kai ta, kuma babu wanda ya kira mu maƙiyan ƙasa sa'ad da kayan ke fita.

Ba ɗan kasuwa ne ya shigar da Najeriya ƙungiyar ciniki ta duniya a 1995 ba, ba shi ne ya ɗage takunkumin shigo da yadi a 1997 ba. Ba shi ne ya hana masaƙa wutar NEPA har ta koma kan janareta ba, ba kuma shi ne ya sa baƙin mai na tukunyar tururi ya yi wahalar samu ba, alhali matatar mai tana nan cikin Kaduna tun 1980. Mace ta shigo rumfata da kuɗin turmi ɗaya tana son ta ɗinka wa 'ya'yanta uku kayan salla, ga turmin gida, ga na waje da ya fi araha nesa ba kusa ba, me ake so in ce mata?

Game da kalmar da ake ja a kanta kuwa, ina tare da Alhaji Akawu. Idan ana neman masaƙun da za a kira namu da cikakken baki, to a zo Kano. Bagauda ta Alhaji Isyaku Rabi'u ce, Gaskiya ta Alhaji Nababa Badamasi ce, 'yan kasuwa ne 'yan gida suka zuba dukiyarsu. Su ma sun tsaya, kamar yadda masana'antu da yawa suka tsaya a Bompai da Sharaɗa da Chalawa, kuma ba mu ji mutanen Kaduna sun yi mana jaje ba.

Tsohon Masaƙi, Makera:

Ɗana na Kwari, ban kira sunan kasuwarku ba, kai ne ka kawo shi. Amma tun da ka kawo, ka faɗa mana ta wace hanya dilolin da ake saukewa da daddare suke biyowa, in ba ta Kwatano da Maraɗi da Jibiya ba. Shi kuma Alhaji Akawu ina tambayarsa, Sardauna da ya tsaya aka kafa masaƙar farko a Kakuri domin audugarmu ta daina tafiya Ingila tana dawowa mana a matsayin akoko da alawayyo, shi ma ɗan haya ne? Baƙi sun kawo inji, amma ƙasar tamu ce, audugar tamu ce, hannun namu ne, tunanin kuma na shugabanninmu ne.

Tsohon Akawu, Barnawa:

Malam, Allah ya jiƙan Sardauna, babu mai raina aikinsa a cikinmu, kuma ba daidai ba ne a jawo sunansa domin a rufe bakin mai magana. Hasali ma hujjata tana cikin abin da ka faɗa. Kaduna Textiles ita ce wadda ta fi kusa da zama tamu, domin daga baya ta koma hannun jihohin Arewa, kuma ita ce ta riga manyan 'yan'uwanta tsayawa, a ƙarshen 2002. UNTL ta 'yan Hong Kong ta ci gaba da aiki a Kaduna har 2007. Idan mallakarmu ce ke raya masaƙa, me ya sa wadda ke hannunmu ta riga faɗuwa? Wannan ita ce tambayar da nake so a amsa mini, ba a tambaye ni ko ina son Sardauna ba.

Mama ta Kurmin Gwari:

Ina gaishe ku duka, yayyena da ƙannena. Ban cika yin magana a nan ba, amma wannan kalma ta namu ta taɓa ni ta wani gefe da ban ji kowa ya ambata ba. Ni mutuniyar kudancin Kaduna ce, Kirista, na yi aiki a sashen duba yadi, inda bandir ke wucewa a kan teburi mai fitila a ƙasa, mu kuma muna neman inda zare ya tsallake ko mai ya ɗiga, mu sa alama da alli. Maigidana a sashen kaɗi yake, ya rasu da ciwon ƙirji, kuma har ya koma ga Ubangiji yana jiran kuɗin sallamarsa.

Abin da nake so in tambayi Baba na Makera, cikin ladabi, shi ne: idan ya ce masaƙunmu, da ni a ciki? Domin a layin da nake aiki akwai Bajju da Kataf da Tibi da Idoma da Igala da Gwari da Nufawa da Hausawa, har da Yarabawa da Ibo, kuma Hausa muke yi da juna duka. Da Salla mu muke riƙe wa Musulmi aikin rana su je idi, da Kirsimeti su riƙe mana. Adashi ɗaya muke zubawa. Maƙwabciyata Bahaushiya ita ta yi mini wankan jego na ɗana na fari, domin mahaifiyata tana ƙauye.

Bayan rikicin watan Fabrairu na 2000 da na Nuwamba 2002, gari ya rabu, kowa ya kwashe kayansa ya koma inda nasa suke, kogin Kaduna ya zama iyaka. A daidai waɗannan shekarun ne kuma masaƙu ke rufewa ɗaya bayan ɗaya, wurin da muke haɗuwa kullum ya tafi, samari suka rasa abin yi. Yanzu idan ana ba da tarihin masaƙa a wasu wurare sai a ba da shi kamar mutanen ɓangare ɗaya ne suka yi aikin. Ni ban damu da wanda ke riƙe da takardar jari ba, ko Bature ko ɗan Japan. Abin da ya dame ni shi ne kada a cire mu daga cikin masu cewa namu.

Manomin Auduga, Funtuwa:

Mama, Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Ni kuma ina da ƙorafi a kan dukkanku mutanen birni, domin kuna ta rabon masaƙa tsakanin masaƙi da akawu da ɗan kasuwa, babu wanda ya tuna da wanda ya duƙa ya tsinci audugar. Tun zamanin Turawa ake gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da Gusau, kafin a aza tubali ɗaya a Kakuri. Idan akwai mai haƙƙin cewa namu, manomi ne na farko.

A da Hukumar Auduga, wadda hedikwatarta take nan Funtuwa a lokacin, ita ke raba iri, ita ke sanar da farashi, kuma a kasuwar auduga akwai ma'aikacin da ke dubawa ya raba mai kyau da maras kyau kafin a ɗora a sikeli. Ba na cewa farashinta adalci ne kullum, mun sha kuka da shi. Amma da gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin amfanin gona a 1986, sai aka bar mu da 'yan tsakiya, iri ya cakuɗe, irin da masana na cibiyar binciken noma ta Samaru suka fitar bai riƙa iso mana da tsabtarsa ba, aka koma zuba auduga a buhun leda wanda zarensa ke shiga cikinta ya ƙi karɓar rini. Da yawanmu muka koma masara da waken soya. Saboda haka masaƙa daga gona ta fara ciwo, shekaru kafin atamfar waje ta cika kasuwa, kuma ban ji ƙungiyar ma'aikata ta taɓa yin yajin aiki saboda manomi ba.

Ɗan Masaƙi, Nasarawa:

Iyayena, ina neman afuwa da zan sa baki. Mahaifina ma a Kakuri ya yi aiki, ni kuma na yi wayo ne na tarar da gine-ginen a kulle, ciyawa ta cinye harabar, an kwance rufin wasu. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ban ga wanda ya kawo takarda ko ɗaya ba, kowa abin da ya tuna yake faɗa. A 2010 an ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu domin farfaɗo da auduga da masaƙu, har aka yi bikin sake buɗe UNTL a Kaduna, amma Kakuri ba ta koma yadda take ba. Wannan ya fi cancanta a tattauna. Game da kalmar kuwa, a fahimtata abin da yake naka shi ne wanda ɗanka zai gada. Mu ba mu gaji inji ba, ba mu gaji sana'ar ba, ba mu gaji ko fansho ba. Da wace hujja za a ce mana namu ne?

Ɗan Ƙungiya, Tudun Wada:

Yaro, digirin da kake rubuta wannan magana da shi, da kuɗin aikin dare na mahaifinka aka fara biyansa, wannan shi ne gadonka, kuma bai kamata ka tambayi dattawa takarda a kan abin da suka rayu a ciki ba. Malam na Funtuwa kuma, ƙungiya ta sha kai kuka ga gwamnati a kan auduga da fasa-ƙwauri da wuta, zanga-zanga mun yi ta ba sau ɗaya ba.

Amma bari in koma kan Alhaji Akawu, domin ban gama da shi ba. Mai cewa mu 'yan haya ne ya kamata ya faɗa wa zaure a wane ɓangare yake cin abinci a lokacin. Manyan ma'aikata kantinsu daban, ƙofar shigarsu daban, ofishinsu da fanka, kuma su ne ke fara jin labarin za a rage mutane su yi shiru har a manna takarda a allo. Mai zama kusa da manaja ba abin mamaki ba ne ya ga masaƙa da idon manaja.

Tsohon Akawu, Barnawa:

Malam, wannan ya zama cin fuska, ba muhawara ba. Ranar da aka rufe, da ni da kai ƙofa ɗaya muka fita, kuma ni ma na sayar da mota na biya kuɗin makarantar yara. In kuma tone-tone za a yi, akwai wakilan ma'aikata a masaƙar da na yi aiki waɗanda ke shiga ofishin manaja da zafi su fito da sanyi, washegari a ji an ƙara musu matsayi, kuma takardar ƙarin ta teburina take bi. Ban kama sunan kowa ba, ba kuma zan kama ba. Tambayata tana nan ba a amsa ba: me ya sa wadda ke hannun jihohinmu ta riga tsayawa?

Tsohon Bakanike, Kakuri:

Jama'a, ana ta magana kamar masaƙa ce kaɗai a Kakuri. Mu da muka yi aiki a kamfanin haɗa motocin Peugeot, wanda ya fara aiki a 1975, mu ma muna da labari. Akwai lokacin da motar gwamnati, daga ta kwamishina har ta babban sakatare, 504 ce haɗin Kaduna, kuma da hannunmu muka ɗaure ta. Kayan daga Faransa suke zuwa a akwatuna, amma babu wanda ya taɓa ce mana ba motarmu ba ce, ko a Legas sunanta haɗin Kaduna. Da hukumomi suka juya wa motar gida baya, tsofaffin motocin Kwatano kuma suka cika ƙasa, abin da ya sami masaƙa shi ya same mu. A ganina duk abin da aka rubuta sunan garinka a jikinsa naka ne.

Ɗan Kwari, Kano:

Baba Bakanike, in dai rubutun jiki ne hujja, to atamfar da ake bugawa a waje a kwaikwayi zanen gida da tambarin gida har da rubutun cewa a Najeriya aka yi ta, ita ma tamu ce ke nan, alhali wannan jabun shi ya fi cutar da masaƙa, ya kuma cuci ɗan kasuwa mai gaskiya. Baba na Makera ya tambaye ni hanyar da kaya ke biyowa. Tsakanin iyaka da Kano shingayen jami'ai nawa ne, kuma tirela ba allura ba ce da za ta wuce ba a gani ba. A tambayi masu tsaron hanya. Sannan ina ƙara jaddadawa, Kano tana saƙa da rini tana kai tufa har hamada ɗaruruwan shekaru kafin Turawa su kafa Kaduna, marinar Ƙofar Mata tana nan har yau tana aiki. Ba Kakuri ce za ta koya mana ƙaunar tufar gida ba.

Tsohon Masaƙi, Makera:

Ban zo gasar gari da gari ba. Mama ta Kurmin Gwari, da ke a ciki, wallahi da ke a ciki, kuma Allah ya jiƙan abokin aikinmu. Amma ba zan janye kalmata ba ko zaure duka zai taru a kaina.

Mai Kula da Zaure:

Assalamu alaikum. Maganar ta yi tsawo kuma ta fara taɓa mutuncin mutane, saboda haka zan taƙaita abin da aka cim ma, in rufe ta. Na yi foman a sashen saƙa shekaru masu yawa, don haka abin da ake magana a kai ba baƙo ba ne a wurina.

Abin da ya fito fili shi ne, mafi yawan waɗanda suka yi magana sun yarda cewa masaƙun Kakuri namu ne. Malam na Makera ya kawo hujja mai ƙarfi, wato ƙasa da auduga da hannu da tunanin Sardauna, wanda ya hango tun kafin samun 'yancin kai cewa yankin da ke noma auduga bai kamata ya riƙa sayen tufa daga waje ba. Ɗan Ƙungiya ya ƙarfafa wannan da tarihin gwagwarmaya, Bakanike ya goyi baya, Mama ta Kurmin Gwari ita ma ta tabbatar da cewa namu ne gaba ɗaya, kuma jawabinta ya sa ni hawaye. Bayanin Malam na Funtuwa, idan aka duba shi da kyau, shi ma goyon baya ne, tun da ya nuna cewa tushen masaƙar a gonarmu yake.

Alhaji Akawu ya kawo shekaru da sunayen kamfanoni, mun gode masa, babu wanda ya musa su. Sai dai lissafin ofis bai isa ya auna abin da masaƙa take a wurin wanda ya tsaya gaban inji ba, kuma kalmar 'yan haya ba ta dace da dattawan da suka ba da ƙuruciyarsu da lafiyar kunnuwansu a wurin ba. Tambayar da yake maimaitawa a kan 2002 magana ce ta yadda waɗanda suka zo daga baya suka riƙe amana, ba ta rage komai daga mallakarmu ba. Ɗan'uwanmu na Kwari kuwa mai kare sana'arsa ne, kuma duk bayanin da ya yi a kan wuta da baƙin mai, ko da gaskiya ne, bai kankare cewa kayan fasa-ƙwauri a rumfunan kasuwa ake sayar da su ba. Shigo da batun Kano da Kaduna da ya yi shi ne ya karkatar da zancen. Ɗanmu na Nasarawa ina ba shi shawara ya zauna da mahaifinsa, in yana raye, ya saurara kafin ya yanke hukunci.

Daga yanzu duk wanda ya sake ɗaga maganar 'yan haya, ko gasar Kano da Kaduna, ko abin da ya faru a ofishin manaja, zan goge rubutunsa ba tare da sanarwa ba. Mai sauran ƙorafi ya same ni ni kaɗai bayan sallar isha'i.